Gardamar Yara Kan Finafinai Masu Dogon Zango: Darasin da Muke Kora Daga Aji

Wata Litinin a zangon karatun da ya wuce, na koma ajina na biyar bayan an dawo daga tara, na tarar ya kaure da hayaniya. Na ɗauka faɗa ake yi, ashe gardama ce a kan wani shirin Indiya mai dogon zango da aka fassara da Hausa, labarin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mutum don ta ɗauki fansar iyayenta. Abin da ya raba kan yaran shi ne wata tsohuwa da ta reni jarumin shirin: mutum ce, ko ita ma macijiya ce ta ɓoye kanta?

Har na ɗaga murya zan tsawatar, sai na ji wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba, tana jero hujjoji. Ta ce duk sa'ad da aka busa sarewa tsohuwar takan bar wurin. Ta ce zoben hannunta yana da alama irin ta sarƙar macijiyar. Ta ce kuma tsohuwar ta ambaci sunan mahaifiyar macijiyar alhali ba wanda ya gaya mata. A makon da ya gabaci wannan, yarinyar nan ta kasa amsa ko ɗaya daga tambayoyi biyar da na yi a kan wani labari mai sakin layi uku.

'Yan'uwana malamai, abin da yarinyar nan ta yi shi ne ainihin abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai da sunan fahimtar karatu: riƙe abin da ya gabata, haɗa shi da abin da ke gaba, da ciro abin da ba a faɗa ba daga abin da aka faɗa. Yaranmu suna da wannan basira, kuma kullum suna wasa ta a ƙofar gida da bakin famfo. Mu ne muke tsayar da ita a ƙofar aji, mu karanta su maimaita, sannan mu yi kukan ba sa ganewa.

Wannan ɗabi'a ta hasashe ba ta yara kaɗai ba ce. A Amurka, marubuci George R. R. Martin ya fitar da littafin farko na jerin labaransa na sarakuna da dodanni a 1996, daga baya tashar HBO ta mayar da su shirin Game of Thrones, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2019. Tun kafin shirin ya fito, masu karatu suka yi ta tsintar alamomi daga shafi zuwa shafi, har suka ce jarumin nan Jon Snow ba ɗan mutumin da ya rene shi ba ne, ɗan ƙanwarsa ne. Shekara ashirin bayan fitowar littafin, shirin ya gaskata su. Shirin ba na yara ba ne, ba kuma ina kira a kalle shi ba. Na kawo shi ne don a ga cewa manya masu ilimi suna yin abin da muke hana 'yan aji biyar, kuma da shi suke ƙara shaƙuwa da littafi. A nan gida ma, wa bai ji yadda ake kwana ana musu a kan inda Labarina na Aminu Saira zai dosa ba, har a ɗakin malamai?

Magabatanmu a rubutu sun san wannan sirri. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Alhaji Abubakar Imam ya sa aku ya riƙa tsare ɗan sarki da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A Dare Dubu da Ɗaya, matar sarki ta tsira da ranta ne ta hanyar yanke labari a daidai inda mai sauraro ya fi ƙagara. Kakanninmu ma haka suke yi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, su dakata su bar jikoki suna cankar abin da Gizo zai ƙulla. Masu shirya finafinai sun ɗauki dabarar suka riƙe, mu muka sake ta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba. Finafinan nan suna cinye lokacin bitar karatu da na Islamiyya, suna hana yara barci, wasu kuma suna ɗauke da abin da bai dace da addininmu da tarbiyyarmu ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 saboda rashin kawo su a duba kafin a sake su. Tace abin da yaro zai kalla wajibi ne a kan iyaye. Amma tsawar da malami zai yi a aji ba za ta kashe wayar da ke gida ba. Abin da kawai za ta yi shi ne koya wa yaro cewa tunanin da yake jin daɗinsa ba shi da wuri a makaranta.

Abin da na gwada shi ne karkatar da gardamar zuwa labarin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ba su labarin Barbushe kamar yadda tsohon littafin tarihin Kano ya kawo shi: ƙaƙƙarfan mutum mai kashe giwa da sanda, wanda ke zaune a kan Dutsen Dala, kuma shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru. Na fara da bayyana musu cewa tarihin mutanen da suka rayu kafin zuwan Musulunci ne, muna karanta shi don sani. Da na kai inda Barbushe ya ce wani mutum zai zo da runduna ya mallake su, sai na yi shiru, na ce kowa ya rubuta jimla uku: wa zai zo, me mutanen Dala za su yi, kuma mece ce hujjarsa.

Ba zan ce abin al'ajabi ya faru ba. Da yawa ba su iya haɗa jimla ukun ba, wasu kuma sun kawo macijiyar Indiya har kan Dala. Amma washegari wani yaro ya zo da sunan Bagauda, ya ce kakansa ne ya gaya masa. Daga nan muka kai ga Gijimasu da ya fara ginin ganuwa, da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da Muhammadu Rumfa da Kasuwar Kurmi. Yaran da ke ratsa Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa kullum suka fara tambayar daga ina sunayen suka samo asali.

Doka ɗaya na kafa: duk wanda ya yi hasashe sai ya kawo hujja daga cikin labarin, kuma idan hujjar wani ta fi tasa, ya karɓa. Wannan doka ta fi labarin kansa muhimmanci. Yaran nan za su girma a zamanin da jita-jita ke shiga kowace waya a WhatsApp da Facebook. Wanda ya saba tun yana aji biyar da bambanta abin da aka faɗa da abin da shi ya zata, zai yi wuyar ruɗuwa.

Ina roƙon reshenmu ya sa wannan batu cikin abin da za a tattauna a taro na gaba. Ba ya bukatar kuɗi, kuma yana yiwuwa ko a ajin da yara suka haura ɗari. Mu ware rabin sa'a a mako don labarin da ake yankewa a tsakiya, mu nemi izinin kai yara Gidan Makama da gindin Dala ko sau ɗaya a shekara. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da surutun shirin da ya kalla, kafin a ce ya yi shiru a tambaye shi yadda aka yi ya san haka.

Yarinyar nan ta bencin baya har yanzu tana haɗa baƙi da ƙyar, amma ta fara ɗaga hannu. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, amin.