Dariyar Da Ta Koma Tafi

Jama'a, dariya iri biyu ce. Akwai ta reni, akwai kuma wadda takan ƙara wa mutum ƙarfi. Masu tseren dogon zango sun san dukansu, kuma labaransu sun isa mu koyi wani abu.

A shekara ta 1983 aka yi tsere a ƙasar Ostireliya daga Sidni zuwa Melbon, tafiyar kilomita 875. Cikin waɗanda suka fito akwai wani manomin dankali mai suna Cliff Young, shekarunsa 61. Ba makarantar wasanni ya je ba, a gona ya koyi gudu, wajen tattara tumaki da ƙafa. Gudunsa kamar jan ƙafa, 'yan kallo suka yi ta dariya. Amma da dare ya yi, sauran suka kwanta barci mai tsawo, shi kuwa sai ya ɗan runtsa ya tashi ya ci gaba. Cikin kwana 5 da awa 15 ya iso, shi ne na fari. Aka ba shi dala 10,000, ya raba wa abokan tserensa. Rena kama ka ga gayya!

Ga kuma Shizo Kanakuri, mutumin Japan. A wasannin Olimfik na 1912 a Suwidin, zafi ya ci ƙarfinsa a tsakiyar tsere. Wasu mutane suka kai shi gidansu ya huta, kunya kuwa ta sa ya koma ƙasarsu bai sallami masu shirya wasan ba. A 1967 aka gayyace shi, ya zo da furfurarsa ya ƙarasa tseren. Lokacinsa shekara 54 da wata 8 da kwana 6. Har yau ana ba da labarin ana dariya, amma ba wanda ya rena shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wani zai ce, gudu ai wahala ce, me ya kawo wasa ciki? Ni kuwa na ce wahalar ce ta kawo shi. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yadda ba'a da kiɗa sukan rage tsawon kunya. Amma wasa yana da iyaka. A 1904 a Amurka, Fred Lorz ya shiga mota a tsakiyar tsere, ya sauka kusa da ƙarshe, aka yi masa tafi. Da asiri ya tonu sai ya ce wasa yake yi. Wannan ba wasa ba ne, zamba ce.

To, idan kun ga yaro yana gudu da asuba a bakin ƙauye, kada ku ce aljanu ne suka koro shi. Ku yi masa ba'ar da za ta ƙara masa himma, da dare kuma ku ba shi labarin tsohon nan mai dankali.