'Ya'yan Da Aka Ɗauka Zuwa Gabas

A zamanin da, in magidanci na Shika ko Samaru ya ɗaura niyyar sauke farali, sau da yawa ba shi kaɗai ke tashi ba. Ya kan jinginar da gona, ya yi wasiyya, ya sa matarsa da 'ya'yansa gaba, har da na goye. A tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari a ke sallama, a yafi juna, gama ba wanda ya san ranar komowa. Jirgi ya kai su Kano ko Jos, daga nan sai babbar mota ko ƙafa, domin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. Su ƙetara zuwa Fotlami, wadda aka sake wa suna Injamena a 1973, su bi ta Abeshe da Janena da Fashir har Ubayyid, inda jirgin ƙasa na Sudan ya ke. Daga Sawakin a ke shiga Bahar Maliya zuwa Jidda.

Wanda ya ce wauta ce ta sa su haka bai yi musu adalci ba. A wurin malaman Malikiyya, mai lafiyar tafiya wanda ke da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, a kan lissafa shi cikin masu iko ko da ba shi da guzuri a hannu. To, sai wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki kayan aikinsa, uwargida ta soya ƙosai a kowane zango. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu. Bazazzagi kuwa ba a koya masa auduga. Tun da gwargwadon abin da aka tsinta a ke biya, mai 'ya'ya biyar ya fi gwauro saurin tara kuɗin jirgin ruwa. Watau yaran nan da guminsu aka kai iyayensu Makka.

Amma fa in ana ba da labarin wannan tafiya, uban a ke yabo, ba a cika tambayar abin da yaron ya biya ba. Alhali kuwa hajji bai wajaba a kansa ba, wanda ya yi yana ƙarami ma ba ya ɗauke masa farali in ya balaga. Gaskiya ne waɗanda Allah ya komo da su sun zo da Larabci a baki da sanin duniya wanda tsararsu ba su da shi. Sai dai akwai waɗanda agana da ƙyanda suka kwantar a zangon da ba wanda zai sake gane kabarinsu. Akwai waɗanda talauci ya sa aka bari hannun baƙi, wasu har aka ji labarin an sayar, bauta kuwa ba a soke ta a Saudiyya ba sai 1962.

Mafi nauyi duka su ne waɗanda ba su isa ba, ba su kuma komo ba. Mutanen Muhammadu Bello Mai Wurno, da suka wuce gabas bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, hijira suka yi da saninsu, suka kafa garinsu a bakin kogin Nilu. Na baya kuwa guzuri ne ya yanke musu. Bana a ce baɗi, baɗi a ce baɗin baɗaɗa, har ɗan da aka goya daga Zazzau ya yi furfura a Jazira, jikokinsa ana ce da su Takari ko Fallata. A watan Yuli 2022 aka yi faɗa da Hausawa a jihar Bulunayil kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka. A Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, a Disamba ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira. Jikokin matafiya suka sake ɗaura kaya.

Ko da ya fi kyau a bar su gida? Wannan ma da wuya. Wanda ya tafi shekara bakwai ya bar mace ba aure ba saki, ya bar 'ya'ya suna cin tuwon baffa da gori. Ɗaukar yara ba ita ce aibin ba. Aibin shi ne tashi da su ba tare da an yanke wa tafiyar wa'adi ba, ba a kuma ware kuɗin komowa ba.

Yanzu jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, ba mai kai goyo Makka da ƙafa. Amma a Samaru ɗin nan, malaman Jami'ar Ahmadu Bello su kan tafi ƙarin ilmi Ingila ko Malesiya da iyalinsu, shekara uku ta zama takwas. Ran da aka komo, a kai yaro Shika ya gai da kakarsa, ta yi masa wasan miji, shi kuwa ya waiwayi uwarsa ta fassara masa.