A Yi Ihun Ɓarawo

Ran wata Laraba, mun fito daga aji kenan, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar wani abokin karatuna. Ya ce ana buɗe sabon guruf na jerin sunayen masu burs, wata lamba za ta zo mini ta SMS, in tura mishi ya saka ni. Lamba mai alƙaluma 6 ta zo, na tura. Kafin in kai teburin mai shayi, WhatsApp ya rufe a wayata. Da la'asar kawuna na Tasawa ya aika wa ɓarawo jikka 25, wai ina kwance asibiti. Kuɗin waken da ya saida ne.

Daga baya na ji cewa abokin nan tun da safe aka ƙwace nashi. Ya sani, ya yi gum, don kar a ce da shi sakarai. Da ya buɗe baki cikin aji na minti ɗaya, da kuɗin kawu suna aljihunshi.

To da irinshi nake magana, kuma muna da yawa. In aka fizge wa mutum waya a babbar kasuwar Maradi, zai kwarma ihu, ƴan kabu-kabu su bi ɓarawo. In aka sace mishi Facebook, sai ya lallaɓa ya sayi sabon layi, ya buɗe wani, ya bar tsohon a hannun mai damfara, da hotonshi da sunan mahaifinshi da lambobin dangi duka. Wace irin kunya ce wannan da take barin ɓarawo yana bara da sunanka wajen goggonka?

Akwai kuma masu cewa ai ƙaddara ce, waɗannan mutane sun fi ƙarfinmu, daga Turai suke shiga wayar mutum. Haba! Wanda ya cuce ni bai fasa komai ba, roƙo ya yi, na miƙa mishi makulli. Lambar nan ita ce WhatsApp yake aikowa duk lokacin da aka so ɗora layinka bisa wata waya, wanda ya riƙe ta shi ne kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon. Mu nawa ne mai gyaran waya ya buɗe muna Gmail, ya zaɓa muna kalmar sirri, muka tafi ba mu canza ba? Mu nawa ne kalmar sirrinmu shekarar haihuwarmu ce, kuma ita ɗaya muke sawa ko'ina? Mu nawa ne muke soka kile a kwamfutar shagon fotokofi, mu dawo mu soka a tamu, fayiloli su ɓace a bar muna gumakan banza, sannan mu yi kukan memuwar ta tafi?

Wani zai ce: kai ɗan boko, talaka da ƙyar yake sayen megas, ina ya ga kuɗin tsaro? Duk abin da na yi bayan satar nan, ko dala ban kashe ba.

Da fari na ari waya na kira gida, na faɗa cikin aji, na sa aka yaɗa a kowane guruf cewa kar a aika wa lambata kuɗi. Sannan na sake shigar da layina a WhatsApp. Da sabuwar lamba ta zo ta SMS na saka, aka fidda ɓarawon nan take. In ya riga ya ɗora lambar sirri ta mataki na biyu, za a sa ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Da na koma ciki na ɗora tawa, na duba jerin na'urorin da ke haɗe, na cire wanda ban sani ba.

Daga nan na koma kan imel, don shi ne uwar makullai: wanda ya riƙe shi zai iya canza kalmar sirrin Facebook da saura. Na sa doguwar kalma wadda ba ta da alaƙa da sunana, na fidda duk wayoyin da ke ciki, na duba lambar da aka ajiye ta maido da asusu, in tabbata tawa ce. Kowane asusu na ba shi tashi kalmar, na rubuta a takarda na ɓoye cikin akwati. Kwamfuta kuwa, na kwashe takarduna, aka goge ta kaf aka sake ɗora mata tsari, na daina saka manhajojin sata da ake rarrabawa kyauta, don cikinsu ake cusa masu leƙen abin da kake bugawa. Memuwar ɗina yanzu wuri biyu take kwana.

Na kuma ɗauki hoton saƙonnin da lambar da aka karɓi kuɗin, na kai wa ƴan sanda. Tun 2019 Nijar take da doka kan laifukan intanet. Kuɗin kawu ba su dawo ba, amma dokar da ba a kai mata ƙara, mi za ta kama?

Ƴan'uwa ɗalibai, a ƙauyukanmu mu ne ake miƙo wa waya a ce duba mini. In mu muka yi shiru, wa zai faɗa wa tsohuwa cewa lambar da ta zo ta SMS ba a ba kowa, ko da muryar ɗanta aka roƙa? Na je Tasawa na zauna gaban kawu, na ce ni na ba ɓarawo hanya. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya miƙo wayarshi ya ce in ɗora mishi lambar sirrin. Na ɗora mishi, na ɗora wa matanshi biyu.