Ba Kowace Nawar Kwamfuta ce ke Bukatar Fomatin ba

Duk wanda ya saba shiga ofisoshinmu da shagunan buga takardu da safe ya san wannan hali, inda ma'aikaci zai kunna kwamfuta, ya je ya gaisa da abokan aiki, ya sha shayi, ya komo ya tarar 'yar ƙawanyar nan tana ta juyawa a kan allo. Idan kuwa haƙurinsa ya ƙare ya kai ta wurin mai gyara, galibi fatawar da za a ba shi guda ce, wai ƙwayar cuta ta shige ta, sai an yi fomatin. Ni dai ina ganin an cika gaggawar bayar da wannan fatawa, domin tana cin kuɗi, takan salwantar da takardun da ba a kwafe ba, sa'an nan bayan 'yan watanni nawar ta dawo, tun da ba a taɓa asalin illar ba.

Asalin illar kuwa, a mafi yawan lokuta, cunkoso ne. Manhajoji irin su Teams da Spotify da OneDrive da masu sabunta kayan Adobe, tun ranar da aka girka su sukan shigar da sunansu cikin jerin waɗanda za su farka tare da Windows, ba tare da mai kwamfutar ya ankara ba, har ya zamana da an kunna ta sai su yi cincirindo a bakin ƙofa kamar 'yan gayyar soɗi, kowace na neman rabonta daga ma'adanar aiki wadda sau da yawa ba ta wuce gigabait 4 ba. Maganin wannan ba ya cin ko sisi. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga sashen Startup, wanda Microsoft ya mayar da shi can tun Windows 8 a 2012. Nan za a ga kowace manhaja da gwargwadon nauyin da take ɗora wa tashin, sai a bar na wajibi, kamar manhajar tsaro, a dakatar da saura. Kada a ji tsoro, dakatarwa ba gogewa ba ce: manhajar tana nan, sai dai ba za ta zo ba sai an kira ta.

Akwai kuma wata bidi'a da ta yaɗu, ta tara riga-kafi biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, a ƙara da wata manhajar da ke alkawarin shara da ƙarin sauri, alhali Windows 10 da 11 sun zo da Defender a cikinsu, kuma kowace daga waɗanda aka tara sai ta sake binciken abin da 'yar'uwarta ta riga ta bincika.

In an yi duk wannan nawar ba ta gushe ba, to, a tuhumi faifai. Da yawa daga tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ake kawowa daga Computer Village ta Ikeja zuwa kasuwanninmu suna ɗauke da faifai mai juyawa, wanda a kwamfutar tafi-da-gidanka galibi sau 5,400 yake kewayawa a minti, wata 'yar allura tana kai-komo a bisansa tana lalubar bayanai. Shi kuwa faifai na zamani, wato SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka in an sauya zuwa gare shi, tashin da ke cin minti biyu ko uku yakan koma ƙasa da rabin minti. A kuma sa a busa wa kwamfutar fanka bayan hunturu, domin ƙura kan toshe mafitar iska, inji kuwa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

Jefar da kwamfutar da sauyin faifai kaɗai zai raya, a wannan tsadar rayuwa, israfi ne tsantsa. Ku kuma masu gyara, sana'arku amana ce: ku buɗe wa mai kaya jerin nan ya gani da idonsa, ku gaya masa irin faifan da ke cikinta, kafin ku ambaci fomatin.