Bahon mai jego

Ƴan uwa mata, a taron asusu mun yi maganar baho. A Turai wasu mata cikin ruwa suke haihuwa. Mu nan Dakusa baho na wanka ne, haihuwa kuwa gidan likita.

Tun ciki na wata 7 mu sayi sababbi guda 2, babba na uwa, ƙarami na jinjiri. Kada a yi wanki ko wanke-wanke ciki. Ko a gida aka sauka, jinjiri a goge shi a lulluɓe, wanka sai ya kwana. Ruwan jego a sirka shi: tafasasshe na ƙona fata, yawan kunun kanwa kuma na gajiyar da zuciya.

Wadda hannunta bai kai ba, ta ɗauki rance a akwati. Allah ya raba lafiya.