Rilaksa a gida: A ƙyale kan yara mata ya huta

Da zarar Sallah ko biki ya matso, sai uwa ta sayo rilaksa ta zaunar da 'yarta ta lafta mata a kai, don gashi ya miƙe ya kwanta luf. Yarinya na kukan zafi, ana ce mata ta daure, wai alamar yana kamawa ne.

Zafin nan ƙuna ce. Wani nau'in rilaksa na ɗauke da sodar da ake haɗa sabulu da ita, idan ya jima a kai yakan ci fata, gashi ya kakkarye.

Haɗarin ya wuce fatar kai. A 2022, binciken Cibiyoyin Lafiya na Amurka kan mata fiye da 33,000 ya gano cewa masu shafa man miƙar da gashi sama da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa yawan kamuwa da sankarar mahaifa.

Babbar mace da ta zaɓi santsi, ta bar aƙalla wata biyu tsakani, ta shafa wa sabon tsiro kaɗai. Yarinya kuwa ba ta zaɓa ba. Karkashi, man kaɗanya da kitso sun ishe ta kwalliyar Sallah.