Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Magana Kan Tsofaffin Jiragen Sama

  

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, mu mutanen Hayin Banki da Kawo da Unguwar Kanawa maƙwabtan jirgin sama ne, ko da yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Tsohon filin jirgin Kaduna yana kusa da mu, kuma sau da yawa almajirai na cikin karatun safe sai rugugin jirgi ya rufe muryarsu, tilas a dakata ya wuce. Ba mu manta da safiyar Asabar, 29 ga Agusta 1915 da ɗari a kai ba, watau shekara ta 2015, lokacin da jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 ya tashi zuwa Abuja, bai yi nisa ba ya faɗo kan wani gida cikin Barikin Ribadu, mutum 7 da ke cikinsa duka suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Tun ranar muka gane cewa lafiyar jirgi ta shafi wanda ke cikinsa, ta kuma shafi wanda ke kwance ƙarƙashin rufin ɗakinsa. Don haka muke da bakin magana.

Jirgin da muke nufi shi ne mai inji biyu, kowane inji da farfelarsa a gaba, ɗaya dama ɗaya hagun. Injin yana cin kananzir irin na jirgi, zafin wutar ya juya sanda, sandar ta juya farfela, farfela ta ja jirgin. Irin wannan jirgi bai kai mai gudun nan na zuwa Makka sauri ba, amma yana da sauƙin shan mai, kuma gajeren fili ya ishe shi sauka, saboda haka shi ne jakin ƙananan garuruwa. Dattawa sun tuna da Fokker F27 wanda kamfanin Nigeria Airways ya kawo a farkon shekarun 1960. Kamfanin ya rushe a 2003, amma buƙatar irin wannan jirgi ba ta rushe ba, kuma da yawa daga waɗanda kan shigo ƙasashenmu sun riga sun yi wa wasu aiki shekara da shekaru.

Hikimar inji biyu ita ce, in ɗaya ya mutu ɗayan ya iya riƙe jirgin har ya sauka. Amma akwai sharaɗi. Farfelar injin da ya mutu tilas ta juya fukafukanta su ba iska gefensu, kamar yadda wuƙa ke ratsa ruwa da kaifinta. In ta tsaya da faɗinta, sai ta zama kamar faifai gaban iska, ta riƙa fizgar jirgin gefe guda, kuma in lokacin tashi ne, matuƙi ba shi da tazarar da zai gyara. Ashe ran mutum talatin yana iya rataya ga ɗan abin da ke juya farfela, wanda fasinja bai taɓa gani ba.

Cutar tsohon jirgi iri uku ce. Ta farko gajiyar ƙarfe. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta ka miƙe, ka sake, ka sake; ba da jimawa ba za ta karye, ko da ba ka sa mata ƙarfi ba. Haka fiffiken jirgi yake, kowane tashi da kowace sauka lanƙwasa ce guda, har wata 'yar tsaga siririya kamar gashi ta ɓullo bakin ƙusa, ta yi ta tafiya a ɓoye. Ta biyu tsatsa, wadda kan yi gida inda laima ke kwanciya, ƙarƙashin daɓen jirgi da kewayen makewayi da tankin mai. Ta uku kuwa tamu ce ta nan: ƙurar hunturu wadda ke goge fukafukan cikin inji kamar yadda magagari ke cin ƙarfe, da zafin bazara wanda ke sa iska ta yi sako-sako, inji ya kasa ba da cikakken ƙarfinsa.

Saboda waɗannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka cikin 1944, suka kafa majalisar jiragen farar hula wadda ake kira ICAO. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke tsaron waɗannan ƙa'idodi ga jiragen haya, hukumar NSIB kuwa ita ke binciken haɗari. Jiragen soja suna da nasu tsari dabam. Ga gundarin dokar a taƙaice. Kowane jirgi yana da takardar shaidar lafiya, in babu ita haram ne ya tashi. Ana ƙidaya masa sa'o'in da ya yi a sama, da yawan tashi da sauka, da kwanakin wata. Akwai dubawa ta kullum kafin tashi, akwai ta bayan ɗaruruwan sa'o'i, akwai babba wadda ake shigar da shi rumfar gyara a kwance kujeru da daɓe, a haska ƙarfe da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani. Wasu kayan cikin inji an yanka musu wa'adi. Ranar da adadinsu ya cika a cire su, ko da suna walƙiya kamar sababbi. Duk aibin da matuƙi ya gani ya rubuta cikin littafin jirgi, kuma jirgin ba ya komawa aiki sai injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa ya gyara. In makera jirgin ko hukumar ƙasarsu suka gano wani aibi ga irinsa, sai a aiko da umarni ga duk mai irin wannan jirgi ya duba nasa cikin ƙayyadadden lokaci.

Dokar ke nan, kuma babu layi guda cikinta da ba a saya da jini ba. Ku ji misali uku.

A watan Satumba 1989 wani jirgi ƙirar Convair 580, mai shekara 36, ya tashi daga Oslo ta ƙasar Norwe zuwa Hambug ta Jamus, ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka halaka. Masu bincike suka iske cikin ƙusoshi huɗu da ke riƙe da wutsiyarsa uku jabu ne, ba su da ƙarfin na ainihi. Wani ya ci ribar algushu, wasu suka biya da wuyansu. Araha ba ta ado.

A watan Disamba 2005 kuma, a birnin Mayami na Amurka, wani jirgi mai farfela biyu wanda aka ƙera tun 1947 yana tashi fiffikensa na dama ya ɓalle, mutum 20 suka mutu. Da daɗewa mai yana yoyo daga wannan fiffike, ana ta liƙe wurin, ba a bi yoyon an ga tsagar da ke ƙarƙashinsa ba. Hukumar binciken ƙasar ta ɗora laifi kan tsarin gyaran kamfanin da kuma masu sa ido na gwamnati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku a gida ya faru. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi ƙirar Embraer 120 mai shekara 23 ya tashi daga Legas zuwa Akure, ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, ya faɗi nan kusa da filin jirgi. Cikin mutum 20 mutum 16 suka rasu. Rahoton bincike ya nuna injin dama bai ba da ƙarfin da ya kamata ba saboda matsalar abin da ke sarrafa farfela, na'urar gargaɗi ta yi ta kira tun jirgin na gudu a ƙasa, mataimakin matuƙi ya ba da shawara a fasa, amma aka ci gaba. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

To, mene ne magani? Bayan jirgin EAS, wanda shi ba mai farfela ba ne, ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002 ya kashe mutum sama da 100, har da na cikin gidajensu, gwamnati ta hana shigo da jirgin da ya wuce shekara 22. Niyya ce mai kyau, amma a ganinmu ƙidayar shekaru kaɗai ba ta isa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Littafin da kakanmu ya rubuta da hannu yana nan garau domin an adana shi cikin gafaka, na ɗab'in bara kuwa da aka yar a daɓe gara ta cinye. Abin dubawa shi ne littafin jirgi: wa ya gyara, yaushe, da wane kaya, kuma gaskiya aka rubuta ko ƙarya. Sai dai a sani, tsoho ya fi yaro cin kuɗin magani. Wanda ba shi da halin ɗaukar wannan nauyi, ya ajiye jirgin ya nemi wata sana'a.

Wani zai ce, Malam, ai in kwana ya ƙare babu makawa. Gaskiya ne, amma wannan magana ta masu ta'aziyya ce, ba hujjar mai sakaci ba. An umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara. Malaman fiƙihunmu kuwa sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su, domin kada dukiyar jama'a ta salwanta. In marini zai biya rigar da ta ɓace a hannunsa, ina ga wanda aka ba amanar rayuka?

Saboda haka muna roƙon abu biyar. Na ɗaya, masu kamfanoni kada su matsa wa injiniya ya sa hannu kan abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, kuma su biya shi haƙƙinsa kan kari, zama mai yunwa da wuya ya ce a'a. Na biyu, hukuma ta wadata masu dubawa da ilmi da guzuri, don kada su ci abincin wanda suka zo dubawa. Na uku, a riƙa bayyana sakamakon bincike ga jama'a, har da harshen Hausa, domin waɗanda jirgi ke bi ta kansu suna da haƙƙin sani. Na huɗu, manyan mutane su bar fushi in matuƙi ya ce yau ba a tashi. Jinkirin yini guda ya fi zaman makoki. Na biyar namu ne: kada mu tara juji ko mu yi mahauta kusa da hanyar jirgi, don shirwa da ungulu kan shiga inji, kuma mu tura 'ya'yanmu su koyi wannan aiki a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da makarantar fasaha ta sojan sama da ke nan Kaduna, su haɗa ilmin ƙarfe da tsoron cin amana.

Ba mu faɗi wannan don ɓata wa kowa sana'a ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya tsare na gida, Ya ba masu gyara ido da gaskiya, amin. Haza wassalam.